Ƙaramar Jita Don Kafaɗar Yaya

Reza ce ta tayar wa Kafinta hankali. Ya shiga gaida wansa da safe kafin ya wuce wurin aiki, ya tarar da shi zaune a kujerar da ke fuskantar taga, yana ce wa matarsa ta nemo masa sabuwar reza, zai yanke farce.

Yanke farce ba komai ba ne a wurin kowa, ban da Yaya. Tun Kafinta yana ɗan mitsitsi ya san hannun daman wansa da dogayen farata, gogaggu, masu santsi a baki, na hagu kuwa a yanke tas. Da su yake kaɗa tsirkiyoyin jita ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa na tafiya a kan masu kauri, sauran na zuba zance a kan sirara. Direban babbar mota ne shekara da shekaru, jitarsa na bayan kujera duk inda ya nufa, har ranar da motar ta kife da shi a wata kwana. Ya rayu, amma kafaɗar dama ta warke a karkace. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu komai na aiki sarai, sai dai hannun ba ya ɗaguwa. Jitarsa kuwa ƙatuwa ce, mai faɗin ƙugu da zurfin ciki, sai mutum ya ɗaga kafaɗa ya rungumo ta. Ya gwada har zufa ta keto masa, daga bisani ya sa aka ɗora ta a kan kabad. Duk da haka bai daina gyaran faratan ba. Kullum yana zaune da guntun sanfefa da yake karɓa a wurin ƙanensa, yana goge musu baki. Muddin yana wannan, Kafinta ya san wansa bai sallama ba.

"Yaya, ka bar zancen rezar nan sai na dawo," in ji Kafinta.

"Daga ina?"

"Daga inda zan je."

"Ji wannan Auta. Gemu ya yi fari, har yanzu magana a dunƙule kamar ya saci nama a tukunya." Yaya ya juya hannun a cinyarsa yana kallon faratan. "Me zan yi da su? Sai kama bargo, sai yagar riga. Jiya har ido na tsone da su."

"Ka dai ba ni zuwa la'asar."

Yaya ya mayar da fuska ga taga. Matarsa ta rako Kafinta har bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zane.

"Maigida ƙarami, in akwai abin da za ka yi, ka yi shi yau," ta ce a hankali. "Na ɓoye rezar, amma ka san wanka. Ba zan iya yi masa ƙarya har yamma ba."

"Amaryar Yaya, ke da kika yi shekaru kina ɓoye masa sukari?"

"Tafi can. Wannan ba sukari ba ne."

Shagon kayan kiɗa yana can ƙarshen wani lungu, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata. Jitoci na rataye ta wuya daga rufi har kusa da ƙasa, sababbi da na hannu, ɗakin na warin ƙura da tsohon katako. Mai shagon tsoho ne, tabaransa ɗaure da zare a gefe guda. Da ya miƙo hannu za su gaisa, Kafinta ya ga dogayen farata a dama, ya saci kallon hagu ya gan su a yanke. Nan take ya ji kamar ya shigo gidan dangi.

Ya faɗi abin da ke tafe da shi ba kwana-kwana: ƙarama yake so, wansa ba ya iya ɗaga kafaɗa, da yatsu yake kaɗawa ba da ɗan robar nan ba, kuma aljihunsa ba zurfi.

"Aljihu mai zurfi ba ya shigowa lungun nan," in ji Mai Shago. Ya sauko da ƙanana waɗanda kuɗin zai kai, ya jera su a kan tebur. "Bismilla. Duba."

Kafinta ya duba su yadda ya iya duba katako. Ya ɗaga kowace ya ji nauyinta. Ya zura yatsa a bakin ramin da ke tsakiyar fuskar, ya matse gefen tsakanin yatsu biyu don ya ji kaurin allon. Bai ɗauki lokaci ba. Akwai wata ja, mai nauyi, allonta da kauri, tana sheƙi har yana ganin gemunsa a jikinta. Ya janyo ta gabansa. Akwai wata kuma a ƙarshen layin da ya ɗaga ya yi saurin ajiyewa, don ta ba shi tsoro: ba ta fi kwalin takalmi nauyi ba, fuskarta dusu-dusu, ta koɗe a gefen ramin inda yatsun wani suka daɗe suna gogawa, ga kuma wani siririn layi na tsaga da aka ɗinke daga ƙasa. Da ya matse allonta sai ya ji kamar zai karye masa a hannu.

A duniya ba abin da Kafinta ya tsana kamar siririn katako. A wurinsa shi ne fuskar ha'inci. Ya ga ƙasan durowa da ya ɓurma da kayan amarya, ya ga gadon yara da ya karye da tsakar rana, duk don wani ya rage kaurin allo ya rufe da fenti. Ya sha rasa ciniki saboda ya ƙi yin haka. In ya kwanta yana lissafin abin da zai nuna ranar da za a tambaye shi, abin da yake fara tunawa ke nan: bai taɓa sayar wa kowa siririn allo ba.

"Wannan zan ɗauka," ya ce, ya dafa jar.

Mai Shago ya leƙo shi ta saman tabarau. "Sana'ar me kake yi?"

"Kafinta ne."

"Ai na gani. Kabad za ka saya wa wan naka, ko jita?"

"Baba, abin da zai daɗe nake so. Waccan ko tari aka yi kusa da ita sai ta tsage."

"Za ta daɗe kam, jar. Jikokinka ma za su gaje ta, su riƙa zama a kanta." Tsohon ya ture masa wata 'yar kujera da ƙafa. "Zauna. Maƙale gwiwar hannunka ta dama a haƙarƙari, kamar an ɗaure ta da igiya. Kada ka ɗaga. Yanzu kai ne wanka."

Ya fara ɗora masa wata ƙatuwa irin ta Yaya. Kafinta ya nemi kai yatsu kan tsirkiya, gefen jitar ya tokare masa hannu, ya tura kafaɗar sama ko ya so ko bai so ba. Ya saki, ya sake, abin ya ƙi. Watanni yana kallon wansa yana wannan kokawar, yana ce masa a daure, a ƙara gwadawa. Sai yau ya san abin da yake cewa a daure wa. Jar ta fi dama-dama, amma cikinta da zurfi, tana ɗan ɗaga masa hannu. Da aka ɗora masa koɗaɗɗiyar, sai ta shige ƙarƙashin hannunsa ta zauna, ƙugunta ya hau cinyarsa daidai, yatsunsa suka sauka a kan tsirkiya ba tare da ya neme ta ba.

"Ka ga wuyanta da ɗan faɗi," in ji Mai Shago. "Mai kaɗawa da yatsu yana son fili tsakanin tsirkiya da tsirkiya, kada yatsa ya taka maƙwabcinsa. Tsirkiyoyin kuma sun kwanta kusa da wuya, ba sai an danna da ƙarfi ba. To, kawo su nan. Kakkaɓe mini hannun rigarka a kan wannan."

Kafinta bai gane ba, amma ya yi. Garin katako, wanda ba ya rabuwa da rigarsa ko an wanke, ya zubo a fuskar jar jitar da ke kwance a tebur. Tsohon ya kaɗa tsirkiya mai kauri. Sauti ya fito, gajere, ya mutu. Garin yana nan inda ya faɗi.

"Yanzu a kan wannan."

Ya kakkaɓe a kan koɗaɗɗiyar. Tsohon ya sa naman babban yatsa, ba farce ba, ya taɓa tsirkiyar kamar mai tashin jariri daga barci.

Garin ya tashi. Kafinta ya gani da idonsa: ƙwayoyin suka hau rawa a fuskar allon, suna tsalle, suna gudu daga wani wuri suna taruwa a wani, har suka ja layi mai lanƙwasa kamar an zana da hannu. Sautin kuwa bai fito daga ramin kawai ba. Ya fito daga teburin, ya bi ta ƙafar kujera, ya same shi a ƙirji. Ya daɗe yana tafiya, yana sirancewa, kuma kafin ya ƙare sai jitocin da ke rataye a rufi suka amsa da kansu, ƙasa-ƙasa, ba wanda ya taɓa su. Tsigar jikin Kafinta ta tashi. Shekarunsa nawa yana yanka katako, yana fere shi, yana buga masa ƙusa, bai taɓa sanin yana da abin faɗa ba.

"Allah mai iko," ya ce.

"Allo ɗaya ne, ba filawud ba, an fere shi har ya kai inda zai iya rawa," in ji Mai Shago. "Jar tana son a doke ta kafin ta yi magana. Wannan ko da naman yatsa ka shafa ta, za ta amsa." Ya miƙo masa ɗan madubi mai doguwar mariƙa da tocila. "Kai ne kafinta. Leƙa ciki ka gaya mini."

Kafinta ya zura madubin ta ramin. A bayan fuskar akwai sirara-siraran sanduna da aka manna a giciye, kamar haƙarƙari. Kowace an sassaƙe ta, an bar kauri inda nauyi zai faɗa, an kwashe inda ba a bukata. Ya ga sawun cizal, ya ga inda mai aikin ya dawo ya ƙara fere ɗan kaɗan. A bayan tsagar kuma an jera ƙananan faci na katako, kowane zaren katakonsa ya gitta na allon, yadda shi ma zai yi. Duk wannan a cikin duhu, inda mai saye ba zai taɓa leƙawa ba. Wani mutum da bai san sunansa ba ya zauna ya yi ta rage katako, ba don ya cuci kowa ba, sai don ya bayar da duk abin da katakon ke da shi. Kafinta ya ji ƙa'idar da ya rayu a kanta ta motsa a ƙarƙashinsa. Ashe akwai inda kaurin ne ha'inci.

Kuɗinta bai kai na jar ba ma, don tsagar da koɗewar suna korar masu saye. Ya biya, aka naɗe masa ita a tsohon zanen gado.

Da ya wuce gidan Yaya kai tsaye, da ya isa rana na tsaka. Amma wurin aikinsa yana kan hanya, kuma tun a lungun wani tunani ya fara cin sa. Yaya zai warware zanen ya ga me? Abu ƙarami, koɗaɗɗe, mai ɗinki a jiki. Mutumin da ya karye aka ɗinke shi, a kawo masa abin da ya karye aka ɗinke. Ba zai ce ƙanensa ya auna shi ya ga iyakar abin da ya dace da shi ke nan ba? Kuma shi kafinta ne. A ce kaya ya bi ta hannunsa ya fita a haka, ba gogewa, ba sheƙi?

Ya buɗe wurin aikin, ya share tebur, ya kwantar da ita. Ya ce a ransa shafa ɗaya kawai zai yi. Ya tace man sheƙi, ya wanke buroshi, ya zaɓo sanfefa mafi laushi. Sai ya tsaya. Ya zauna a kan benci, ya tashi, ya zagaya teburin. Tsohon bai ce kada a shafa ba, amma ya tuna yadda garin ya kwanta shiru a kan jar mai sheƙi. Ya tambayi kansa wa zai yi wa wannan shafar: idon Yaya, ko sunansa shi na kafinta? In kuma don Yaya ne, wanne ya fi zama girmamawa, ka rufe wa mutum tabo ko ka bar masa murya? Ya juya tambayar ta kowace fuska, kowace amsa ta zo da tata tambayar, inuwar ƙofa kuwa tana ta tsawo a ƙasa bai lura ba.

A ƙarshe ya ce bari ya gwada a gefe, inda ba za a gani ba. Ya tsoma buroshi ya ja layi ɗaya a ƙugunta. Da zai janye hannu, maɓallin rigarsa ya kama tsirkiya ya saki.

Sautin ya cika wurin. Ya bi ta tarin allunan da ke jingine, ya shiga durowoyin da ba a gama ba, sai kuma daga bango wani abu ya amsa da siririyar murya. Babban zartonsa ne, wanda ke rataye a ƙusa, yake rawa shi kaɗai. Kafinta ya tsaya da buroshi a sama, man na ɗiga a ƙasa, har sautin ya gama tafiyarsa. Sannan ya jefa buroshin cikin gwangwani. Da ya ɗaga kai ya ga inda rana ta kai, ya naɗe jitar ya fita da gudu.

Ya iso gidan yana haki. Matar Yaya ce ta buɗe, ba ta yi masa wasa ba. Ta dubi abin da ke naɗe a hannunsa, ta girgiza kai.

"Ya jira ka," ta ce. "Wallahi ya jira. Har ya sa na juya masa kujera ta kalli ƙofa."

Yaya na zaune, a cinyarsa akwai faranti, a cikin farantin reza da faratan, farare, a lanƙwashe. Hannun dama ya koma kamar na hagu, kamar na kowa. Kafinta ya tsaya da naɗin a hannu. Ba kuɗi ne ya makarar da shi ba, ba nisa ba. Gwangwanin man sheƙi ne.

"Ka ce la'asar," in ji Yaya, ba faɗa a muryarsa, abin da ya fi faɗa ciwo. "Me ka naɗo kamar gawar kyanwa?"

Kafinta ya durƙusa ya warware zanen, don bai san abin da zai yi ba ban da wannan.

Yaya ya daɗe yana kallonta. "Wannan jaririyar fa? A wace bola ka tsinto ta? Auta, kai da ko akwatin kaji ba ka bari ya fita ba fenti."

"Ka dai riƙe ta, Yaya."

"Da me zan kaɗa? Ga su nan a faranti."

"Ban ce ka kaɗa ba. Ka riƙe."

Matar ta zo ta ɗauke farantin ba tare da ta tambayi kowa ba. Kafinta ya ɗora jitar a cinyar wansa. Ya ga Yaya ya cije leɓe tun kafin ya motsa, yana jiran zafin da ya saba. Hannun ya sauka. Zafin bai zo ba. Yaya ya dubi kafaɗarsa kamar wani ne ya ara masa ita, ya ɗan motsa gwiwar hannu, ya sake dubawa. Hannun hagu ya tafi wuyan jitar da kansa, ya murɗa kunnen ɗaure tsirkiya ɗaya, ya saurara, ya murɗa wani.

Sai babban yatsa ya taɓa tsirkiya mai kauri, da nama zalla.

Ta amsa. Ba da kaifin nan da Kafinta ya sani tun yarinta ba. Sauti ne mai taushi, mai ɗumi, kamar magana a kusa da kunne. Yaya ya tsaya cak. Ya sake taɓawa, ya ƙara da manuni, ya ƙara da na tsakiya. Yatsun suka yi tuntuɓe, ya ja tsaki, ya koma farko. A karo na gaba babban yatsa ya kama tafiyarsa, ƙasa, sama, ƙasa, sama, kamar babbar mota da ta sami miƙaƙƙiyar hanya, sauran yatsun suka hau zuba zance a kai. Kiɗan bai da ƙarfi, amma ba inda bai kai ba. Cokalin da ke cikin kofi a kan tebur ya ɗauki rawa. A saman kabad, tsohuwar ƙatuwar jitar, da ƙurarta da komai, ta soma amsawa ƙasa-ƙasa.

Matar Yaya na tsaye a bakin ƙofar kicin da farantin a hannu, ta manta da shi. Kafinta yana nan a durƙushe. Yana kallon ƙwayoyin garin katako da suka rage a gefen ramin suna tsalle a ƙarƙashin yatsun wansa, kuma bai yarda ya yi numfashi mai ƙarfi ba.

Da Yaya ya tsaya, ya bar sautin ƙarshe ya tafi har ya ɓace, sannan ya ɗora tafin hannu a fuskar jitar. Ya bi layin tsagar da yatsa tun daga farko har ƙarshe, a hankali. Kafinta ya jira abin da ya ji tsoro tun rana.

"Wanda ya ɗinke ta ya iya aiki," in ji Yaya. "Ya fi nawa likitan." Hannunsa ya gangara ƙugunta, ya manne da wani abu, ya ɗago yatsa yana shinshinawa. "Wannan danƙon fa?"

"Ni ne. Na so in gyara ta."

"Shi ya makarar da kai?"

"Shi ne."

"Allah ya shirye ka, Auta. In ka ƙara kusantar ta da buroshi, sai na karya maka taka kafaɗar mu zama biyu." Ya goge yatsan a rigar ƙanensa. Ya juya hannun dama yana duban bakin faratan da reza ta bari da kaushi, ya shafa su da babban yatsa, ya yamutsa fuska.

"Ke," ya ce wa matarsa, "kai rezar nan inda kike kai sukari." Ya miƙa wa Kafinta tafin hannu a buɗe. "Kai kuma laluba aljihunka. Akwai sanfefa mai laushi?"